Muryar Inna a Kwamfutar Auta

Ƙanwata ce ta yi suɓutar baki. Muna zaune a tsakar gidanmu na Gwaram bayan an tashi daga zaman makokin Inna, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, saura mu 'yan gida muna ta tuna baya. Tana cikin magana sai ta ce, "Ai kamar yadda ta faɗa a abin nan da auta ya ɗauka." Daga nan ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Autanmu yana gefe da kofin ruwa a baki, sai ga shi ya ƙware.

Na ce, "Wane abu?"

Suka dubi juna. Ni kuwa aikina duba makarantu ne, na yi shekara da shekaru ina faɗa wa malamai aji ba sanarwa, don haka na san fuskar mutumin da aka ritsa. Da ƙyar na tatso maganar. Ashe a ranin da ya gabaci rasuwarta, auta ya kunna wayarsa ya ajiye kusa da Inna tana hira, ta yi ta zuba ba ta san ana ɗauka ba. Ƙanwata ta ji abin, mijinta ya ji, har matar auta da ba ta daɗe da shigowa gidan ba ta ji. Ni kaɗai aka tsallake.

Sai na ɗan yi bayani, don yaran yanzu ba lallai su gane abin da ya sa wannan ya tsaya min a rai ba. Ni ne ɗan farin Inna, ita kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gasken-gaske. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba a Birnin Kudu. A can na yi wayo, a can na yi makaranta, a can nake har yau. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In na zo gaishe ta, sai ta kawar da kai ta amsa ƙasa-ƙasa, ta nemi abin yi. In akwai saƙo, ta bakin ƙanwata zai zo. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka aka yi wa mahaifina, haka aka yi wa abokaina da dama. Amma fa na yi furfura ban san yadda uwata take hira ba. Mutane suna ce min mai barkwanci ce, ni sai dai in gyaɗa kai kamar ana ba ni labarin baƙuwa. Yanzu ga ta a ƙasa, ga muryarta a hannun auta, kuma an ɓoye min. Ina son in ji ta. Ina kuma son in san abin da ta faɗa a kaina da har ya sa aka ɓoye.

Na ce wa auta ya kawo wayar. Ya ce ai wayar ta faɗa randa tun kafin azumi. Na ce memorin fa? Ya ce ya juye komai a kwamfutar shagonsa kafin nan, memorin kuma ya kyautar. Na ce to mu je shagon.

"Yaya, kwamfutar ce ba ta magana kwanan nan," in ji shi. "Sai an gyara tukun."

Shagon auta yana bakin kasuwar Gwaram, kuma sana'arsa ita ce buga wa mutane takardu da tura musu waƙoƙi da wa'azi a waya. Mai sayar da waƙa, da kwamfutar da ba ta magana! Ko yaron firamare ya kawo min wannan uzurin sai na ce ya koma ya sake shiri. Amma lokacin makoki ne, ban so a ji kanmu ba. Na koma Birnin Kudu na ba shi lokaci. Duk sanda na kira shi, amsar ɗaya ce: ana nan ana neman mai gyara.

Matata ba ta taimaka ba. Ta ce, "Malam, kai ne dai ba ka son gani. Maganar gona ce. Fadamar nan ta bakin rafi, wa ya san wanda ta ambata?" Na ce ta bar wannan zancen, gidanmu ba a taɓa rigimar gado ba. Na faɗa ne da baki, amma maganar ta samu wurin zama. Kuma nawa zargin ya fi nata muni, shi ne wanda ban gaya mata ba. Ina tsoron Inna ta yi kuka da ni ne. Cewa na kama aikin gwamnati na manta da ita, cewa sai an ga dama ake ganina, cewa ni na kakata ne ba nata ba. In haka ta ce, to duk gidan sun ji, suna kallona da abin a cikinsu.

Ranar wata kasuwar Gwaram na dira ba sanarwa. Tun daga tasha nake jin kiɗa yana tashi daga wajen layin su auta, amma kasuwa ce, kowa da nasa. Kuskurena shi ne gaisuwa. Mutumin da aka yi wa rasuwa ba ya ratsa kasuwar garinsu da sauri. Wannan ya tare ni, wancan ya riƙe hannuna, sai an yi addu'a an shafa. Kafin in kai shagon, labarin zuwana ya riga ni zama. Na tarar da wurin shiru, auta yana goge tebur da tsumma. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya yi min ta'aziyya, sannan ya juya ga auta ya ce, "Yau kuma mun huta da kiɗa tun da rana, ko lafiya?"

Auta ya ce rediyon mai shayi yake ji. Telan ya dube ni, ya koma kan ɗinkinsa.

Na ja kujera na zauna gaban kwamfutar. Ni ba gwani ba ne, amma an yi mana 'yar bita a wurin aiki, kuma na saba da ta ofis. Ta auta irin ta tebur ce, allo a sama, babban akwatin a ƙasa, sifika biyu a gefe. Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Fitilar sifikar tana ci, wato wuta na shiga. Na murɗa ƙarar har ƙarshe, sai wani huci kawai. Na durƙusa na bi wayar da hannu zuwa bayan akwatin. A can akwai ramuka uku a jere, kore da shuɗi da ruwan hoda, kuma ko makaho aka gaya wa ya san waya mai koren kai ramin kore take shiga. Na same ta a cikin shuɗi. Bayan akwatin duk ƙura ce da yanar gizo, amma gefen ramin koren fes yake, har da sawun yatsa.

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Wataƙila wajen shara ne, Yaya."

Na dubi ƙurar, na dube shi. Na mayar da wayar inda ya kamata, na tashi na danna wata waƙa, ina jiran shagon ya ɗauka in ga inda zai sa fuskarsa. Waƙar ta kama tafiya a allo, layin yana ja, amma ko ƙis. A can ƙasan allon, inda ɗan hoton lasifika yake, akwai jan gicciye a kai. Na danna shi, ta rubuto da Turanci cewa ba ta ga na'urar sauti ba. Na zare sifikar na sa iyafis ɗin wayata, shiru. Na kashe ta gaba ɗaya na sake kunnawa, tunda an ce mana wannan yana maganin rabin ciwonta. Ta tashi da jan gicciyenta kamar yadda ta kwanta.

Na fara tunanin ko da gaske ta lalace, ni ne nake neman ɗora wa yaron laifi. Ina cikin haka sai na ji ya sauke ajiyar zuciya a bayana. A hankali ya yi, amma na ji. Mutumin da sana'arsa ta tsaya ranar kasuwa ba ya samun sauƙi don an kasa gyara masa kayan aiki.

Na ce to shi ke nan, ba sai ta yi magana ba, ya tura min abin a wayata in ji a gida. Ya zauna ya kama linzamin kwamfutar, ya buɗe nan ya rufe can, ya shiga waƙoƙin biki ya fito ta wa'azin azumi. Ya ce abubuwan sun yi yawa, ya manta inda ya ajiye. Yaron da in ka ce masa waƙar da aka yi a bikin wane shekarun baya, kafin ka rufe baki ya ciro ta.

"Kwance min akwatin," na ce. "Zan kai Birnin Kudu a gyara."

"Yaya, yau fa kasuwa."

"Ai ba ta magana. Me za ka sayar?"

Ba a yi ƙanen da zai hana yayansa abu a bainar jama'a ba. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar ana zare masa jijiya. Muka naɗe akwatin da wani tsohon zani, na shiga motar haya na ɗora shi a cinya. Direba ya so a sa a but tare da buhunan gero, na ce ko kusa. Wata tsohuwa da ke gefena ta tambaya ko talabijin ce. Na ce e, don ba ni da ƙarfin bayani.

Mai gyaran da na sani a Birnin Kudu shagonsa na kusa da tasha. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida, kowa Injiniya yake ce masa. Washegari da hantsi na kai masa. Ya jona akwatin da nasa allon da nasa sifikar, ya kunna. Na zayyana masa duk abin da na gwada. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya shiga wani wuri da ban taɓa shiga ba, inda kwamfutar ta jera sunayen duk kayan cikinta. Ya sa yatsa a kan guda ɗaya.

"Malam, ka ga wannan? Ba ciwo ba ne. Lafiyarta ƙalau. Wani ne ya shigo nan ya ce mata ta daina amfani da sautin."

"Ba ta yin haka da kanta?"

"Takan yi rashin hankali iri-iri, amma wannan hannu ne."

Ya danna sau ɗaya, jan gicciyen ya ɓace. Ya taɓa wata waƙa, sai ga kiɗa ya cika shagon har mai sayar da rake a waje ya waiwayo. Na ji daɗin da mutum ke ji in zarginsa ya tabbata, daɗin da ba ya kai ko'ina. Yana wucewa sai tsoro ya maye gurbinsa. Auta bai taɓa yi min ƙarya ba tun yana yaro. Abin da zai sa ya durƙusa ya canja rami, ya kuma bi ta ciki ya kashe, ba ƙaramin abu ba ne.

Na gaya wa Injiniya abin da nake nema: murya ce da aka ɗauka da waya, a ranin bara. Ya ce irin waɗannan suna da alamarsu daban da waƙoƙi. Ya sa ta nema, ba ta kawo komai ba. Ya ɗan yi tunani, ya shiga wani lungun, sai ga wata folda da ba a ganinta daga waje. Ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allon, da ƙarar nan mai kama da an ƙwanƙwasa kwano. Na karanta da kaina. Ta ce ba mu da izinin shiga wannan wurin.

Ya bayyana min cewa kwamfutar ƙofa biyu gare ta. Akwai ta shago, wadda ke buɗe ga kowa, ita muka shigo ta ciki. Akwai kuma wata ta mai ita shi kaɗai, mai lambar sirri, kuma duk abin da ya ajiye a can ya ce kada a nuna wa kowa. Na ce to a fasa mana. Sai ya saki linzamin, ya jingina da kujera, ya yi min irin kallon da ni na saba yi wa mutane.

"Malam, kwamfutar nan ta wace ce?"

"Ta ƙanena ce."

"Ya san tana nan?"

"A gabansa na ɗauko. Ni ne yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ban musa ba," in ji shi. "Amma ita ba ta san yaya ba, ni kuma ban san shi ba. Fasawa ba wuya, yanzu sai in mayar da foldar ta zama tamu. Sai dai ba na buɗe abin da mutum ya kulle sai na ji daga bakinsa."

Raina ya ɓaci sosai. Ni da ake tashi tsaye in na shiga makaranta, yau ni ake wa tambayar ɓarawo. Nan take wani tunanin ya zo min: masu wannan sana'ar ai duk sun san juna, wuri ɗaya suke sayen kaya a Kano. Wa ya sani ko auta ya riga ya kira shi tun jiya? Na tambaye shi kai tsaye ko sun yi waya. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in da sun yi waya ai da bai tayar min da sautin ba. Maganarsa ta kama hankali, amma ban sake jiki ba.

Na kira auta na sa wayar a fili yadda Injiniya zai ji. Na ce masa kwamfutarsa ta warke, ashe ma ba ta yi ciwo ba, yanzu muna bakin wata ƙofa, ko ya ba da lamba ko ya ce a fasa.

"Yaya, kada a fasa. Gani nan zuwa."

Da na kashe wayar na ce wa Injiniya, in auta ya zo, ya sa ido a hannunsa, kada ya shiga ya goge. Ya ce, "Malam, kai kuwa wa ka yarda da shi a duniyar nan?" Na zauna a benci ina gadin akwatin. Ko da na tafi sallar azahar, sai da na sa mai rake ya lura min ko wani ya zo.

Wajen la'asar ɗan acaɓa ya sauke auta, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya gaida Injiniya. Ban bari ya miƙe ba.

"Gona ce?"

Ya ɗago kai. "Wace gona?"

Na san fuskar mai ƙarya, kuma wannan ba ita ba ce. Da gaske bai san abin da nake nufi ba. Sai na tambayi wadda ta fi ci min rai.

"To kuka ta yi da ni? Ta ce na yar da ita?"

"Inna? Haba Yaya!"

"To mene ne? Me ka kulle? Me ya sa kowa ya ji ban da ni?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ya canja ramin, shi ya kashe sautin, kuma duk sanda ya ji na shigo gari haka yake yi, in na tafi ya mayar. Kullewar kuwa tun ranar da ya juye abin ya yi ta, don ya san wata rana zan zauna gaban kwamfutar. Ya ce shi ya roƙi ƙanwata kada ta faɗa.

"Ba ta faɗi komai mara daɗi ba, wallahi. Kai ne a ciki, Yaya. Shi ke nan."

Ban gane ba, kuma ban nuna ban gane ba. Na nuna masa kujera. Ya zauna, ya fita daga ƙofar shago ya shiga tasa, ya kare madannan da hannu ɗaya yana buga lambar da ɗayan. Ni ina tsaye a kansa ina bin yatsunsa. Foldar ta buɗe ba gardama. Abu ɗaya ne tak a ciki. Ya tashi ya fita waje ba tare da ya dube ni ba. Injiniya ya zare sifikar, ya jona wani babban abin sawa a kunne ya miƙo min, ya ce bari ya je ya sha rake. Suka bar ni ni kaɗai, na danna.

Da farko kukan kaji ne, da wani ƙas-ƙas da na gane ɓarar gyaɗa ce. Sai wata mata ta fara magana da ƙarfi, da sauri, murya a sake. Na rantse da na ji ta a hanya ba zan ce uwata ba ce. Tana ba da labarin yadda mahaifinmu, suna sabon aure, ya je kasuwa sayen jaki aka haɗa shi da mai ido ɗaya. Jakin ba ya tafiya sai ta gefen da yake gani, don haka duk inda aka nufa sai a ƙare a gonar mutane. Tana kwaikwayon muryar Baba yana rantsuwa cewa jakin lafiyarsa ƙalau, hanyar ce ta karkace. Tana kwaikwayon surukarta, kakar da ta rene ni, har da yadda take jan hanci kafin ta yi faɗa. Sai ta fashe da dariya. Dariya ce babba, mai tashi sama ta dawo ta ƙare da tari, tana cewa wayyo cikina. Auta yana dariya, ƙanwata daga nesa tana cewa Inna kin faɗa mana wannan, ita kuwa tana cewa to ku sake ji, kyauta ne.

Na tsinci kaina ina dariya ni ma, hawaye yana zuba. Ban san haka take ba. Shekarun nan duka ashe wannan matar tana gidanmu.

Tana tsakiyar wani labarin sai ta katse. Can nesa ana jin ƙarar babur.

"Tsaya," ta ce. Sai kuma, "Shi ne."

"Wa, Inna?" Muryar auta ce, da tsokana a ciki.

"Kai dai Allah ya shirye ka."

"Babura nawa ke bin hanyar nan?"

"Nasa daban. In ya zo kwanar masallaci yakan sassauta, yana gaida mutane. Ka ji? Ga shi nan." Ta rage murya. "Wancan zuwan ya rame, ka lura? Ka tambaye shi ko lafiya. Kada ka ce ni na ce. Miƙo min mayafina, maza. Ke! Ɗauko kwanon nan na ƙarƙashin gado, zumar nan da na hana ku. Ki ce ke kika saya."

Aka ji takun gudu, aka ji babur ya mutu a ƙofar gida. Sai wata murya mai kauri, irin ta mai shiga aji, ta yi sallama. Tawa ce.

Daga nan matar nan mai dariya ta ɓace. Na ji kaina ina jero gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ya jiki, ya zafi. Amsar tana zuwa can ƙasa, da ƙyar wayar ta kama ta: lafiya, lafiya. Wannan muryar ita na sani. Sauran abin duka, kuma yana da tsawo, ni ne nake ta bayani a kan taki da kwanon rufi da ya kamata a canja kafin damina, auta yana amsawa. Inna ba ta ƙara cewa uffan ba har wayar ta yanke. Na tuna ranar sarai. Na sha zumar da gurasa, na yi wa ƙanwata godiya, har na ce ta iya zaɓe.

Na daɗe a zaune kafin in cire abin daga kunnena. Da na fito, auta yana tsugune a gindin bango.

"Ka ji yadda take, Yaya," ya ce, bai ɗago ba. "Kana yin sallama ta ɗauke. Mu mun saba gani, amma kai ba ka taɓa ganin kafin ka shigo ba. Na ce in ka ji wannan, zai zauna maka."

Gaskiyarsa, ya zauna min. Abu ne mai ciwo mutum ya ji da kunnensa cewa shi ne ke kashe hirar uwarsa. Ban ce masa ya kyauta ba, ban kuma ce bai kyauta ba. Na ce wa Injiniya ya tura min a waya. Ya tambaya ko a yanke daga inda na shigo, ya ce abu ne mai sauƙi. Auta ya yi saurin cewa a yanke. Saurin nan nasa ya sa na ce a bar shi yadda yake, ko ƙwayar daƙiƙa kada a taɓa.

Don hali ba ya barin mutum. Ko mako ba a yi ba wani zargin ya taso min: yaron da ya iya kashe sauti ya iya kulle folda, me zai hana ya iya yanka? Wataƙila akwai abin da ta faɗa bayan shigowata, ko bayan na fita, ya cire ya haɗe bakin. Sai na shiga sauraron ƙarshen nan, wurin da babu komai sai surutuna. Da safe kafin in fita aiki, da yamma a ƙofar gida, iyafis a kunne, ina neman inda kukan kaza zai yanke a tsakiya ko iska ta canja. Na bi shi gaba na bi shi baya. Ban samu wurin yanka ba ko ɗaya.

Wani abu na samu. Gyaɗar nan da take ɓarewa, tun farkon hirar hannunta bai huta ba, ko tana dariya ana jin ƙas-ƙas ɗin. Bayan na shigo ma ta ci gaba. Amma ba koyaushe ba. Na mayar baya na sake ji, don ban yarda da kunnena ba, na kuma sake.

Duk sanda auta ke magana, ana jin tana ɓara. Da na buɗe baki, ko da maganar taki ce, sai hannun ya tsaya har in gama.